Ƙuraje Sun Fito Mini, Ko Ƙanjamau Ne?

Kwanan baya wani malamin ajin yaƙi da jahilci ya kawo mana wata wasiƙa. Ɗaya daga cikin ɗalibansa ne ya rubuta ta da hannunsa. Bai sa suna ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Mai wasiƙar ya ce ya tafi ci-rani kudu, ya yi wata biyar. Ana gab da zai dawo sai tsautsayi ya sa ya kusanci wata mace. Yau wata biyu ke nan da faruwar abin. Da ya dawo gida sai ƙuraje suka feso masa a tsakanin yatsu, da wuyan hannu, da ƙugu. Da dare ƙaiƙayi ba ya barinsa ya rintsa. Ya ce ya taɓa ji a rediyo cewa ƙuraje suna cikin alamun ƙanjamau. Tun daga ranar abinci ya daina shiga masa. Ya ƙaurace wa ɗakin matarsa, ga shi tana goyo, ita kuma ta fara zargin ko ta yi masa wani laifi ne. A ƙarshe ya ce, “Don Allah ku faɗa mini gaskiya, na kamu ko ban kamu ba?”

Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Mun tabbata ba kai kaɗai ne da wannan damuwa ba, shi ya sa muka ga ya dace mu ba da amsa a nan, kowa ya amfana.

Gaskiyar da ka nema ita ce, babu mai iya duban fatar mutum ya ce yana ɗauke da wannan cuta ko ba ya ɗauke da ita. Mu ba za mu iya ba, mai kemis ba zai iya ba, boka ba zai iya ba. Likita ma, da duk karatunsa, sai ya auna jini. Amma akwai abu biyu da za mu iya faɗa maka tun yanzu. Ƙurajen da ka kwatanta sun fi kama da ƙazwa. Sa'an nan ya kamata ka je awon jini, saboda abin da ya faru a kudu. Ko da fatarka sumul take, shawararmu ke nan.

Ƙwayar cutar daban, ƙanjamau daban

Mutane suna haɗa abu biyu su kira su da suna ɗaya. HIV sunan ƙwayar cutar ne. Ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ido ba ya ganinta. Idan ta shiga jiki sai ta riƙa kashe wasu ƙwayoyin jini waɗanda aikinsu shi ne tsare mutum daga cututtuka. Su ake kira garkuwar jiki. A hankali take wannan ɓarna, kamar yadda gara take cin azara. Daga waje ɗaki lafiya lau, alhali ciki yana rubewa.

Ƙanjamau, wanda 'yan uwanmu na Nijar suke kira sida, shi ne matakin ƙarshe. Wato lokacin da garkuwa ta karye, kowace ƙaramar cuta ta sami ƙofa. Idan ba a shan magani, mutum yakan kai wajen shekara goma kafin ya kai wannan mataki. Wani bai kai haka ba, wani ya wuce. Wanda yake shan magani yadda ya kamata kuwa, da ikon Allah ba zai kai can ba.

A Amurka aka fara lura da ciwon a 1981. A Nijeriya an fara ba da rahotonsa a 1986. A wancan zamani babu magani mai ƙarfi, saboda haka mutane suka saba ganin masu ciwon sun rame, fatarsu ta lalace. Wannan hoton ne ya zauna a zukatan jama'a har yau. Shi ya sa da mutum ya ga ƙurji a jikinsa sai gabansa ya faɗi.

Yadda ƙurajen farkon kamuwa suke

Abin da aka faɗa a rediyo ba ƙarya ba ne. Sati biyu zuwa huɗu bayan ƙwayar ta shiga jiki, wajen mutum biyu cikin uku sukan yi wata 'yar rashin lafiya. Zazzaɓi ne kan gaba. Sai ciwon maƙogwaro, ciwon kai, ciwon jiki, kasala da gumin dare. Kaluluwa takan fito a wuya ko a hammata. Wasu bakinsu yakan yi gyambo. A cikin waɗannan masu zazzaɓi ne wasu suke samun ƙuraje, ba duka ba.

Su waɗannan ƙuraje suna da tasu kama. Sukan fito kwana biyu ko uku bayan zazzaɓin ya fara. Sun fi fitowa a ƙirji, da gadon baya, da wuya, da fuska. Wani lokaci har tafin hannu da tafin ƙafa. Ƙanana ne, a shafe suke ko kuma sun ɗan tasa kaɗan. Ba su ɗurar ruwa. Yawanci ba su ƙaiƙayi, in ma sun yi to kaɗan ne. A jikin farin mutum ja suke. A baƙar fata irin tamu sukan yi duhu-duhu ne kawai, har mutum ya yi ya gama bai lura ba. Cikin sati ɗaya ko biyu sun ɓace da kansu, ko an sha magani ko ba a sha ba.

To a nan matsalar take. Wannan zazzaɓi bai da bambanci da zazzaɓin cizon sauro ko mura mai ƙarfi. Mutum zai je kemis ya sayi magani, bayan 'yan kwanaki ya miƙe, ya ce maganin ya yi aiki. Wani kuma ko ciwon kai ba zai yi ba, amma ƙwayar tana jikinsa. Daga nan sai jiki ya yi shiru shekara da shekaru. Ke nan fitowar ƙuraje ba ta nuna an kamu, rashin fitowarsu kuma ba ya nuna an tsira.

Yanzu mai wasiƙa ya gwada da nasa. Nasa suna ƙaiƙayi mai tsanani, sun fi damunsa da dare. Suna tsakanin yatsu da ƙugu. Sun daɗe ba su tafi ba. Bai kuma ambaci zazzaɓi ba. Duk waɗannan ba halin ƙurajen farkon kamuwa ba ne. Kama da wane ba ta wane.

Ƙurajen da muka saba da su

Ƙazwa wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne yake kawo ta. Yana haƙa rami a cikin fata ya yi ƙwai. Ana ɗaukarta ta haɗa jiki, da kwana a tabarma ɗaya, da yin aron tufafi. Duk inda mutane suke kwana a cunkushe tana nan: ɗakin 'yan ci-rani, makarantun allo, makarantun kwana, gidajen yari. Wanda bai taɓa yinta ba yakan yi wata guda ko fiye kafin ƙaiƙayin ya fara. Shi ya sa mutum zai ɗauko ta a wurin neman kuɗi, amma sai ya dawo gida ta bayyana. Babbar alamarta ita ce, ba da daɗewa ba sai ka ga mutanen gida su ma suna susa.

Ƙurajen zafi kowa ya san su. Da bazara suke zuwa, a wuya da baya da duk inda gumi yake taruwa, suna tsikari kamar allura. Iska ta kaɗa, an yi wanka, sai su lafa. Makero yakan yi zobe, gefensa ya tasa, tsakiyarsa ta yi fari-fari. Kyasbi yakan yi dabbare-dabbare a ƙirji da baya da wuya. Borin jini kuwa rudu-rudu yake tashi farat ɗaya, ya yi ƙaiƙayi, ya kwanta cikin 'yan sa'o'i, ya sake tashi a wani wuri. Sau da yawa wani abinci ne ko magani jiki bai karɓa ba. Ga cizon kuɗin cizo, ga ƙaiƙayin gero da dawa lokacin sussuka. Ga kuma mayukan bilicin da wasu mata suke shafawa, waɗanda suke sa fata ta yi laushi ta riƙa fesar da ƙuraje.

Akwai guda biyu da muke so mai karatu ya riƙe da kyau. Na farko tunjere. Ita ma ta hanyar saduwa ake ɗaukarta. Takan fara da ɗan gyambo a al'aura wanda ba ya zafi, ya warke da kansa. Bayan wasu makonni sai ƙuraje marasa ƙaiƙayi su fito, har a tafin hannu da tafin ƙafa. Ƙurajenta sun yi kama da na farkon HIV ƙwarai. Ana warkewa sarai da allurar fanisilin. In an bar ta kuwa tana iya taɓa zuciya da ƙwaƙwalwa, tana kuma kashe ɗa a ciki. Duk wanda zai auna HIV, ya roƙa a auna masa tunjere a lokaci guda.

Na biyu ba shi da dangantaka da saduwa. Idan ka ga wani tabo a jikinka ya fi sauran fata haske, ba ya ƙaiƙayi, ka taɓa shi da tsinke ko auduga ba ka ji ba, to je asibiti a duba kuturta. Maganinta kyauta ne, kuma in an fara da wuri ba a rasa ko yatsa ɗaya.

Ta ina ake kamuwa?

Kafin mutum ya tsaya yana duban fatarsa a madubi, ya fara tambayar kansa ko akwai ƙofar da ƙwayar za ta bi ta shigo. Ƙofofin ba su da yawa. Saduwa da mai ɗauke da ita ba tare da kwaroron roba ba, wannan ce babba. Sai jini: ƙarin jinin da ba a auna ba, allurar da aka yi wa wani aka sake yi maka da ita, aska ko reza da ta yanki wani ba a dafa ta ba. Saboda haka in za ka wurin wanzami ko mai yankan farce, tafi da sabuwar rezarka. Sai kuma daga uwa zuwa ɗa, lokacin ciki, ko haihuwa, ko shayarwa.

Ba a kamuwa ta musafaha. Ba a kamuwa ta cin tuwo a kwano ɗaya, ko shan fura da ludayi ɗaya, ko buta, ko masai, ko tsayuwa a sahu ɗaya. Sauro ba ya ɗaukarta. Taɓa ƙurajen mai ita ma ba ya sa a kamu. Ƙazwa ta fi ta saurin yaɗuwa nesa ba kusa ba.

A 2018 gwamnatin tarayya ta yi wani babban bincike, aka bi gida-gida ana auna mutane a duk jihohin ƙasar nan. An samu cewa a cikin manya 1,000, wajen mutum 14 ne suke ɗauke da ƙwayar. A jihohin arewa maso yamma wajen mutum 6 ne cikin 1,000. Wato a kowace kasuwar ƙauye masu susa suna da yawa, amma waɗanda HIV ce sanadin susarsu kaɗan ne. Sai dai kaɗan ba babu ba ce.

Awon jini da lokacinsa

Awon ba wuya. Ana ɗan tsaga yatsa a ɗiga jini a kan wata 'yar takarda. Kafin minti 20 sakamako ya fito. Ana yi a manyan asibitoci, da yawancin ƙananan asibitocin ƙananan hukumomi, da wurin awon ciki. Idan ya nuna akwai, ba a tsayawa nan. Sai an sake da wani irin awo daban an tabbatar. Akwai ma wanda mutum zai saya a wasu manyan kemis ya auna kansa a ɗaki, ta hanyar goga shi a dasashi. Shi ma idan ya nuna akwai, sai an je asibiti an tabbatar.

Amma awo yana da lokaci, kuma nan ne mutane da yawa suke kuskure. Awon yatsa da aka fi yi ba ƙwayar kanta yake gani ba. Yana neman wasu alamu ne da jiki yake yi don yaƙi da ita. Jiki kuwa yana ɗaukar lokaci kafin ya yi su. Ga yawancin mutane sati uku zuwa shida ya isa. Ga wasu sai an kai kwana 90. Kamar shuka ce. Ka shuka gero yau, gobe ka je gona ba ka ga tsiro ba, ba za ka ce babu iri a ƙasa ba.

Saboda haka wanda ya auna sati ɗaya bayan abin ya faru, aka ce babu, kada ya saki jiki. Wanda yake cikin zazzaɓin nan na farko da ƙurajensa ma, awon yatsa yana iya cewa babu alhali akwai. A lokacin kuwa ƙwayar ta fi yawa a jininsa, ya fi saurin sa wa wani. Manyan asibitoci suna da awon da yake gano ta da wuri, amma sai ka faɗa wa likita ranar da abin ya faru zai san wanda ya dace da kai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Aikin malamin asibiti ne ya riƙe sirrinka. Tun 2014 akwai dokar tarayya da ta hana a tsangwami mutum ko a kore shi daga aiki don yana ɗauke da HIV.

Idan an cika kwana 90, ba a kuma sake yin wani abin da zai jawo kamuwa ba, awo ya ce babu, to babu. Mutum ya kwantar da hankalinsa. Mun san masu yawo daga wannan asibiti zuwa wancan, sun auna sau biyar sau shida, duk ƙurjin da ya fito sai su koma. Wannan ba ciwon jini ba ne kuma, damuwa ce, ita ma a gaya wa likita. Damuwa kanta tana hana barci, ta hana cin abinci, mutum ya rame. Sai ya dubi ramar ya ce ga alama ta biyu ta fito.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Idan abin bai wuce kwana uku da faruwa ba, wato awa 72, akwai maganin da ake sha na kwana 28 wanda yake hana ƙwayar zama a jiki. A asibiti ana kiransa PEP. Gwargwadon saurin farawa, gwargwadon amfaninsa. Ga mai wasiƙarmu lokacin ya wuce. Amma a riƙe wannan saboda gaba, musamman idan an yi wa yarinya ko mace fyaɗe. A kai ta asibiti a ranar. Kada a tsaya zaman sulhu tukuna.

In awo ya ce akwai

Ba ƙarshen rayuwa ba ne. Har yanzu ba a sami maganin da yake fitar da ƙwayar daga jiki gaba ɗaya ba. Duk wanda ya ce maka yana da shi a kwalba ko a ƙullin leda, kuɗinka yake so. Amma akwai maganin da yake danne ta. Ga yawancin manya ƙwaya ɗaya ce tak a rana. Tun 2006 ake ba da shi kyauta a asibitocin gwamnati da aka keɓe. Yanzu ba a jira sai mutum ya kwanta, da an gano ake farawa.

Mai shan magani kullum ba fashi, cikin wata shida ƙwayar takan ragu a jininsa har awo ya kasa ganinta. Muddin ta zauna a haka, ba zai sa wa matarsa ta hanyar saduwa ba. Zai yi noma, ya yi kasuwa, ya haihu. Idan uwa tana ɗauke da ƙwayar ba ta shan magani, cikin jarirai 100 ana iya samun 15 zuwa 45 su kamu. Da magani ba su kai 5 ba.

Wanda ya daɗe da ƙwayar bai sani ba, shi ne fatarsa takan fara ba da labari. Akwai wasu ƙuraje masu ruwa, masu zafi kamar ƙunar wuta, da suke fitowa a jere kamar ɗamara a gefe ɗaya na jiki. Ƙwayar ƙarambau ce da mutum ya yi tun yana yaro take farkawa. Tsofaffi sukan yi su ba tare da HIV ba, amma idan saurayi ko budurwa ko mai matsakaicin shekaru ya yi, ya kamata ya auna. Haka nan ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannuwa da ƙafafu da suka yi watanni suna barin baƙin tabo. Haka farin abu kamar kindirmo a harshen babban mutum. Haka ciwon fatar da aka yi ta magani ya ƙi ji, musamman in ga rama, ga gudawa, ga tari. Ko waɗannan ma ba hukunci ba ne. Dalili ne na zuwa awo.

Wasu ƙurajen kuma ba a kwana da su a gida, ko da HIV ko babu. Idan mutum ya fara shan wani sabon magani, irin su Septrin ko Fansidar ko maganin farfaɗiya, sai ƙuraje suka fito tare da zazzaɓi, leɓe ya kumbura, baki ya yi gyambo, ido ya yi ja, fata ta fara saluɓewa, to a dakatar da maganin a tafi asibiti nan take, a riƙe kwalinsa a hannu. Haka idan ƙuraje sun zo da sanƙarewar wuya, ko numfashi ya yi wuya, ko yaro ne mai zazzaɓi da jan ido da tari.

Mu koma kan mai wasiƙa

Malam, ga abin da muke ba ka shawara. Gobe ka je asibiti. Ka nuna ƙurajen, ka kuma faɗi abin da ya faru da lokacin da ya faru. Ka nemi awon HIV da na tunjere. Tunda wata biyu ya wuce, sakamakon da za ka samu yana da ƙarfi. Duk da haka idan an ce babu, ka koma bayan wata guda, lokacin da kwana 90 ya cika.

Kafin nan, nisantar shimfiɗar iyalinka da ka yi daidai ne, ko kuma ka yi amfani da kwaroron roba. Dalili kuwa, macen da ta kamu tana cikin shayarwa ta fi saurin sa wa jaririnta ta nono. Amma shirun da ka yi mata bai dace ba. Tana kwana da zargin kanta a kan laifin da ba ta yi ba. Ko ba ka iya faɗin komai yanzu ba, ka ce mata ba ka da lafiya, kana zuwa asibiti, kuma ba ita ce sanadi ba. Idan kun riga kun sadu bayan dawowarka, to ita ma sai an auna ta, kuma kada ta yaye yaron sai da shawarar asibiti. A wurin awon akwai ma'aikatan da aka koya wa yadda ake zaunar da miji da mata a yi wannan magana. Ka nemi su taimake ka.

Idan likita ya ce ƙazwa ce, zai rubuta maka man shafawa. Ana shafa shi ne daga wuya har tafin ƙafa, ba kan ƙurajen kawai ba, a bar shi a jiki iya lokacin da aka ce. Duk mutanen gidan za su yi maganin rana ɗaya, har wanda bai fara susa ba. Amma ka tambayi irin wanda ya dace da jariri da mai shayarwa, don ba kowanne ake shafa musu ba. A wanke tufafi da zannuwan gado da ruwan zafi, a shanya tabarmi da katifa a rana. Kada ka sayi man nan na kemis da ake cewa yana maganin kowane irin ƙurji, yana lafar da ƙaiƙayi ne kawai ƙwaron yana nan. Ƙaiƙayin yana iya kai sati biyu zuwa huɗu bayan ƙwaron ya mutu, saboda haka kada ka ga kana susa ka ce maganin bai yi ba.